Waƙa guda, kala biyar: wacce za a sa a littafi, kuma yaya za a rubuta ta?

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. In na gane saƙonki daidai, kina koyarwa a Tawa, kin tattara waƙoƙin reno da na gaɗa da na wasan dare daga bakin tsofaffi da ƴan mata, wasu a cikin gari wasu daga Illela da Keita da Ƙonni, wasu kuma ƴan uwa sunka turo miki ta WhatsApp daga Yamai, yanzu kin iske waƙa guda tana da kala huɗu ko biyar, kina tambaya wacce ce ta asali, ko ki haɗa su ki fidda guda mai kyau, kuma ko ki gyara Hausar ta koma irin ta littafi. Sai batun kalmomin da ba wanda ya san ma'anarsu, da baitocin da kike jin nauyin ajiye wa yara a gaba.

To kar ki haɗa su. Wannan shi ne abu na farko kuma shi ne babba. Ki zaɓi guda ɗaya wadda wata mace ko wasu yara sunka rera da bakinsu daga farko har ƙarshe a rana guda, ki rubuta ta yadda ta fito, sauran ki jera su a ƙarƙashinta. In kinka ɗauko ɗango biyu na Illela kinka liƙa wa uku na Keita kinka rufe da na Yamai, za ki samu waƙa mai daɗin karantawa amma ba a taɓa rera ta a ko'ina ba, kamar telan da ya ciro hannun riga nan ya ciro wuya can ya ɗinka, rigar ta yi kyau a rataye amma ba ta kowa ba ce. Kuma abin haushin shi ne bayan shekara goma ita za a riƙa cewa ta asali, don ita ke cikin littafi.

Batun asali kuma ki huta da nemansa. Waƙar yara ba ta da mawallafin da za a je a tambaya, ba ta da takardar farko. Littattafan farko da anka tara adabin bakan Hausa a cikinsu, irin na Frank Edgar da ya fito tsakanin 1911 da 1913 da na Rattray na 1913, malamai maza ne sunka rubuta musu da ajami, tatsuniyoyi da labarai da tarihi sunka fi yawa a ciki, abin da uwa ke rera wa jinjiri a ɗaka ko abin da ƴan mata ke tafawa a dandali ba shi ne a gabansu ba. Don haka ba wani tsohon rubutu da za ki auna naki da shi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ta Ƙonni ba ɓatacciyar ta Tawa ba ce, ta Tawa ba ɓatacciyar ta Kano ba ce.

Mutane da yawa suna ɗauka wadda ta fi tsufa ita ce mai gaskiya. Wani lokaci haka ne, amma ba kullum ba. Tsohuwa ƴar shekara saba'in ta bar gaɗa tun ranar da anka kai ta ɗakin miji, abin da ya rage mata guntaye ne, kuma yanzu Hajiya ce, jikoki na zaune, akwai baitin da ko kin roƙe ta ba za ta faɗa ba, sai ta tsallake ko ta maye gurbinsa da salati ba tare da ta gaya miki ba. A wani gefen kuma yarinya ƴar shekara goma sha biyu tana da waƙar cikakkiya da tafinta da rawarta amma wataƙila a fim ɗin Kano ta ji ta ko a TikTok. Har littafi ma yana komawa baki, Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya an karanta shi a makarantun Najeriya, matar da anka auro daga Sakkwato tana iya rera miki abin da ta haddace a aji tana ɗauka na kakarta ne. Shi ya sa tambayar da ba na tsallakewa ita ce, wa ya koya miki, kuma a wane gari kinka yi ƴammatanci. Garin da kinka ɗauki murya ba shi ne garin waƙar ba. Mata aure ke yawo da su, waƙar da kinka ɗauka a unguwar Bilbis ta Tawa kinka rubuta mata "Tawa" tana iya zama ta Buza ko ta Madawa, amarya ta zo da ita tare da kayan ɗakinta. Na Yamai kuwa sai kin ƙara bincike, a unguwar Bukoki ko Zongo gida guda za ki iske Ba'adara da Ba'ara da ƴar Damagaram da Bazabarma, yaransu wasa guda suke yi.

Kafin zaɓe ma akwai aikin rarrabewa, don ba duk abin da ya yi kama ba ne waƙa guda. Ni abu uku nake dubawa, amshi da kari da wasan da ake yi da ita. In amshin guda ne, tafin guda ne, wasan guda ne, to waƙa guda ce ko da rabin kalmomin sun bambanta. Ɗauki Ɗan Maliyo da kusan kowa ya sani, mai bayarwa tana tambaya ya tafi ina ne, ana cewa ya tafi Ilori, ƴan amshi suna "maliyo". Wurin nan na sunan gari buɗaɗɗe ne, in wata ta sa wani gari ba sabuwar waƙa ta yi ba, kuma ba kuskure ta yi ba. Amma ki rubuta garin da ta sa, don a nan tarihi ke ɓoye, a Adar, wato yankin Tawa, inda maza ke tafiya bida tun kaka da kakanni, ko Abijan anka ambata ko Ikko ko Kumasi ko Libiya yana gaya miki zamanin da baitin ya shigo da inda mazan garin ke zuwa. Akasin haka kuma akwai ɗangogi masu yawo, za ki ji su cikin waƙar daka, ki ji su cikin ta gaɗa, ki ji su cikin ta reno, ganin ɗango guda a wuri biyu bai sa su zama waƙa guda ba.

To cikin biyar ɗin wacce za ta hau sama? Wadda anka ɗauka ana cikin yin abin. Akwai wata gwaggona a nan Tawa da na taɓa roƙo ta yi mini waƙar reno, muna zaune kan tabarma na ajiye salula gabanta, ta gyara kallabi, ta karanto ɗango huɗu da muryar magana kamar mai ba da saƙo, ta yi dariya ta ce shi ke nan ai, shirme ne na mata. Ana nan sai jikanta ya farka da kuka, uwar na bakin turmi, gwaggo ta ɗauke shi ta ɗora a kafaɗa tana bubbuga bayansa da tafin hannu, sai ga waƙar nan ta dawo da rauji, ta sa sunan yaron, ta sa kirarin kakansa, ta ce ubansa na Abijan zai zo da takalmi, ta soka wa uwar habaici kan jinkirin daka, uwar ta amsa daga bakin turmi ba ta ko juyo ba, kuma duk bugun bayan nan yana faɗawa wuri guda cikin kowane ɗango. Ɗango huɗun farko su ne ƙashin waƙar, su za ki iske wurin kowa. Amma ta biyun ita ce waƙar reno. In kina da irin waɗannan biyu cikin abin da kinka tara, ta biyu za ki ɗora sama, ki nuna wa mai karatu wane wuri ne ake sa sunan yaro da na uba don kowace uwa ta sa nata.

Haka gaɗa. Wadda yarinya guda ta rera miki cikin bokal, wato saƙon murya na WhatsApp, tana yin bayarwa tana yi wa kanta amshi, ba ta kai wadda ƴan mata takwas sunka yi da tafi ba ko da ta biyun ta fi hayaniya da wuyar saurare. Kar tsawo ya ruɗe ki kuma, mafi tsawo sau da yawa waƙa biyu ce ko uku mai rerawa ta jona don ta ga kina jin daɗi kina gyaɗa kai. In biyu sunka yi kunnen doki, ki fifita ta yankin da littafin ke wakilta, tunda littafin Adar kike yi ba na ƙasar Hausa duka ba.

Yadda za ki jera su a shafi ba sabon abu ba ne a wurinmu. Malaman hadisi sun daɗe da yin sa, ba wai ina haɗa gaɗa da hadisi ba, hanyar aikin nake nufi, a kawo matani guda da wanda ya ruwaito shi sannan a ce a wata riwayar an ce kaza. Ke ma haka, waƙar a sama da manyan haruffa, a ƙasa da ƙanana ki ce ɗango na 3 a Keita kaza ake cewa, a Ƙonni babu ɗango na 5, a Yamai ana ƙara kaza. In bambancin ya wuce rabi ko wasan ya sake, ki buga su biyun cikakku a shafi biyu masu kallon juna. A Ingila Iona da Peter Opie haka sunka yi, ƙamus ɗinsu na waƙoƙin reno na 1951 ya haura waƙa 500, na 1959 kuma daga bakin ƴan makaranta sunka tara shi suna faɗin garin da kowace kala ta fito, har yau ana komawa gare su saboda wannan.

Yanzu rubutun kansa, nan ne aka fi ɓarna kuma nan zan daɗe. Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa, ƙa'idar rubutu da karin harshe. Ƙa'idar rubutu ki bi ta sau da ƙafa, wato haruffa masu ƙugiya ɓ ɗ ƙ ƴ, raba kalmomi da haɗa su, "shi ne" ba "shine" ba, "tana" ba "ta na" ba, babban baƙi a sunan mutum da gari. A Nijar akwai dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 da ta tsayar da rubutun Hausa, a cikinta ƴ ake rubutawa inda Najeriya ke sa 'y, littattafan da INDRAP, cibiyar gwamnati mai shirya littattafan karatu, ke yi wa makarantu masu harshe biyu da ita suke aiki, tunda yaranmu za su karanta ki bi ta. Amma karin harshe kar ki taɓa shi. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci anka gina ta, tana da amfaninta a jarida da takardar gwamnati, waƙa kuwa a kan nauyin gaɓa take tafiya, kina sauya kalma kin sauya kari. Bari in ƙaga misali don ki gani. A ce tsohuwa ta rera "ɗiyata zaka ki yi kwana", ki ƙirga, gaɓa 9. Mai gyara ya zo ya mai da shi "ƴata zo ki yi barci", ma'ana guda, gaɓa 7. Yanzu ki gwada bubbuga bayan yaro da na biyun a kan raujin na farko, sai kin ja wani wasali ko kin yi shiru a tsakiya, waƙar ta gurgunce. Ko "sunka" da "suka" da ake ganin ƙaramin abu ne, gaɓar farko a "sunka" mai nauyi ce, a "suka" marar nauyi, kuma tafi a kan mai nauyi ya fi son faɗawa.

Don haka in ta ce "tahi" ki rubuta tahi, in ta ce "hwara" ki rubuta hwara, in ta ce "shina" ki bar shi shina, in ta ce "shi na" da "ita ta" a inda Bakano zai ce "shi ne" da "ita ce" ki bar mata. Ninkin baƙi ma haka, "yat tahi", "taz zaka", "ɗiyam mai gari", "rigab biki", kunnenki ya saba da su har ba ki jin su, hannunki kuma lakwal da karatun littattafan Najeriya sun koya masa ya rubuta "ya tafi" da "ƴar mai gari" shi kaɗai ba da izininki ba, wannan shi ne haɗarin mai rubuta harshen gidansu. Maganinsa ki saurara sau biyu, na farko ki rubuta, na biyu ki bi da yatsa gaɓa gaɓa kina duba ko abin da ke takarda shi ke fita daga salula. Akwai kuma sautin nan da muke yi a "dutci" inda wasu ke cewa dutse, wanda ya sa Nasara ya rubuta Dogondoutchi, ki rubuta shi tc ki yi bayani a gabatarwa da layi biyu. Tunda kina karanta Faransanci ki nemi Le haoussa de l'Ader na Bernard Caron, 1991, zai nuna miki cewa abubuwan nan duk suna da tsari, ba karkatar baki ba ce. Kalmar da ɗan Maradi ko ɗan Damagaram ba zai gane ba ki fassara ta a ƙasan shafi, ba cikin waƙar ba.

Wani zai ce miki ai tunda kundin sabunta ƙasa na Nijar, mai matsayin tsarin mulki, da anka sa wa hannu a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, ya kamata yara su ga Hausa guda a littafi. Ni ban ga saɓani ba. Gabatarwa da bayanin wasa da tambayoyin aji ki yi su da daidaitacciya, waƙa ki bar ta da bakin masu ita. Yaro ya ga duka biyun a shafi guda ya san harshensa faɗi gare shi.

Sai tsawon wasali da karin sauti, waɗanda rubutunmu na yau ba ya nunawa. "Kuka" na yaro da "kuka" ta miya harafi guda ne, "gari" na mutane da "gari" na tuwo haka, kuma waƙar yara tana son irin wannan wasa da gangan. A da can a Nijar, bayan taron Bamako na 1966 kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma, ana ninka dogon wasali, shi ya sa za ki ga sunayen tsofaffin jaridun yaƙi da jahilci an rubuta Gangaa da Saabon Ra'ayii, daga baya anka bari don a daidaita da Najeriya. A littafin yara kar ki dawo da shi, zai rikita masu koyon karatu. Amma a kayenki na aiki, duk kalmar da ke iya ɗaukar ma'ana biyu ki ninka wasalin ko ki rubuta a gefe wacce ake nufi, tun kina kusa da mai waƙar kina iya tambaya. Ki kuma bambanta dogon wasali na kalma da jan murya na waƙa. In ta ja "iye" har numfashi ya ƙare ba sai kin cika layi da e goma ba, ki tsayar da ƙa'ida guda, misali uku, "iyeee", ki bi ta ko'ina.

Yanka ɗango kuma ba inda kinka ga waƙafi ya dace ba, inda amshi ya shigo ko inda tafi ya zagayo nan ɗango ya ƙare. Ki rubuta amshi kowane karo, a ɗan tura shi ciki ko a karkata haruffansa, kar ki rubuta shi sau ɗaya a sama ki ce "a maimaita", don akwai waƙoƙin da amshinsu ke sauyawa a tsakiya lokacin da rawa ta yi zafi, in ba ki bi shi layi layi ba ba za ki lura ba. Gaɓar da tafi ke faɗawa a kanta ki ja mata layi a ƙasa. Ƙarƙashin kowace waƙa ki faɗi yadda ake wasan da jimla uku ko huɗu, da'ira ake yi ko layi biyu, wa ke shiga tsakiya, yaushe ake faɗawa hannun ƙawaye a cafe, na maza ne ko na mata, da farin wata ake yi ko sai azumi ya kai goma kamar tashe. Malamar da za ta koyar da shi a jardan a Yamai wataƙila ba ta taɓa ganin wasan ba. Rauji kuwa takarda ba ta ɗaukarsa. Kina iya samun wani a cibiyar kiɗa ta Taya a Yamai ya rubuta miki shi da alamomin kiɗa, amma malamai nawa ke karanta su? Ya fi sauƙi ki sa lambar QR a shafi mai kai mutum ga muryar, ki kuma zuba duka a kart memwar don inda babu rezo, daga nan Xender, mai tura fayil daga salula zuwa salula, zai yi sauran aikin.

Kalmomin da ba su da ma'ana ki rubuta su yadda kunnenki ya ji, kar ki ja su zuwa kalmar Hausa mafi kusa don su yi ma'ana. "Maliyo" da "carmagade" ba su jira kowa ya fassara su ba kafin su yi aikinsu. Faransawa ma suna da am stram gram ɗinsu, ba wanda ya kore shi daga littafi. Amma kafin ki yanke cewa ba ta da ma'ana ki kunna wa Bazabarma da Bafulatana da mai jin Tamajak, mu da ke zaune da Abzinawa da Buzaye da Fulani tun fil azal, daga Tawa zuwa Abalak, ba abin mamaki ba ne a iske ɗango guda na harshensu ya maƙale a bakin yaranmu ya lanƙwashe. Na Yamai kuma za ki ji Hausa da Zabarmanci da Faransancin lakwal cikin waƙa guda, ki bar su, kar ki tsince Faransancin don waƙar ta yi kama da ta gargajiya. Mutane za su ba ki fassara iri iri, kowa da tabbacinsa, ki rubuta "in ji wance" ki wuce, kar ki mai da shi naki. Inda kuma ba ki ji da kyau ba, ki sa alamar tambaya da minti da sakan na wurin, ki koma wa mai waƙar. Audacity, abin gyaran murya, kyauta ne a ordinater, yana rage saurin murya ba tare da ta zama ta ƙato ba, yana taimakawa sosai wurin gaɗa mai sauri. Waɗanda ke turo miki daga nesa ki ce su ɗauka da rikodar salula su turo a matsayin dokima, bokal yana matse murya, baƙaƙe irin su ƙ da k sai su narke.

Baitocin kunya. Gaskiya gaɗa ba wasan jarirai ba ce, nan ƴan mata ke faɗin abin da ba su iya faɗa gaban iyaye, auren dole, tsoho mai neman yarinya, kishiya, uwar miji, saurayi marowaci, wani wurin har batsa tsirara. Akwai zambo ga makaho da kuturu da gurgu. Akwai na wasan taubasantaka tsakanin Bagobiri da Bazabarme ko Ba'are da Bafillace, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014, a dandali dariya ne kowa ya san ramawa za a yi, amma a rubuce cikin aji inda yaro guda ne ɗan wannan ƙabila sai ya koma makamin tsokana. Mafi nauyi su ne masu gorin bauta da asali, ke ƴar Adar ce kin san abin da kalma guda irin wannan ke iya tayarwa. Shawarata ki yi aiki hawa biyu. Kundin ajiya, komai na ciki, ba a cire ko wasali. Littafin yara kuma ki zaɓa. In wata kala cikin biyar ɗin dama ba ta da baitin, ita za ki ɗauka, kin ga amfanin tara kala da yawa ke nan. In dukansu na da shi, ko ki bar waƙar gaba ɗaya ko ki cire baitin ki sa ɗigo uku ki faɗa a gabatarwa cewa an rage wasu wurare. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙaga sabon ɗango a cusa a yi shiru. ƴan uwan nan Grimm na Jamus sun yi haka da tatsuniyoyinsu tsakanin bugun 1812 da na 1857, har uwar da ta cuci ɗiyanta sunka mai da ita matar uba don kar a ɓata sunan uwa, sai da masu bincike sunka koma bugun farko sannan anka ga yawan abin da hannunsu ya taɓa. Irin waƙoƙin ƴan poroje na wanke hannu da rigakafi da ake ɗorawa kan raujin gaɗa ba laifi ba ne, in kina son yin naki ki yi, amma a babi na daban da sunanki a kai.

Kowace murya ki yi mata ƴar takarda, sunan mai waƙa, shekarunta ko da kintace ne, garin da ta tashi, wanda ya koya mata, ranar ɗauka da wurin, ana cikin wasa ne ko roƙo kinka yi, da sunan fayil ɗin. Nan kin fi mu maza sa'a, ke kina shiga har ƙuryar ɗaki mu a zaure muke tsayawa, amma duk da haka ki nemi izini a fili, na matar da na maigidanta inda ya kamata, na iyaye in yara ne, a ƙauye ki fara gaida mai gari. Ki tambaye ta ko tana son sunanta ya fito, wasu suna so ƙwarai, wasu za su ce ki sa "wata tsohuwa a Illela" kawai, ki yi yadda ta ce. Kar ki je hannu sake, ɗan goro ko kuɗin sabulu. Hoton yara kuma kar ya hau Facebook. In sayar da littafin za ki yi ki biya ta BNDA, ofishin haƙƙin mallaka na Nijar, don dokar haƙƙin mallaka ta 2010 ta haɗa har da kayan al'adun gargajiya. Kofi guda na kundin ajiya da muryoyin ki kai IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Abdou Moumouni, ko CELHTO, cibiyar tara tarihi da adabin baka, da ke Yamai tun 1968 tana wannan aikin, salula faɗuwa take yi cikin ruwa.

Wurin bugawa ki sa allon rubutu na Hausa, Gboard a salula ko Keyman a ordinater don ƙugiyoyi, ki yi aiki da harafin Andika, an yi shi ne don masu koyon karatu kuma yana da ɓ ɗ ƙ ƴ duka. Ki kai wa maɗaba'a PDF, kar ki ba su fayil ɗin Word, suna sauya harafi sai ki ga ƙugiyoyin sun koma akwatuna ko sun ɓace, "ɗaka" ta zama "daka", kuma ki duba shafin gwaji da idonki kafin su buga sauran.

Kafin duk wannan ki yi gwaji a lakwal ɗinku. Ki ba ƴan CM2, ajin ƙarshe na firamare, biyu ko uku takardar waƙar da ba su sani ba, ki kunna musu muryar sau ɗaya, ki ce su rera daga takarda suna tafi. Inda duk sunka yi tuntuɓe wuri guda ki sa alama, galibi ko ɗango ne kinka yanka ba daidai ba ko wata gaɓa ta faɗi wurin rubutu. Sannan ki koma wurin mai waƙar ki karanta mata abin da kinka rubuta da ƙarfi. In ta gyara miki, ki duba muryar farko, in abin da ta ce yanzu shi ke ciki to ki gyara, in kuma ba shi ba ne to kala ta shida ce ta ba ki, ki rubuta ta a ƙasa da kwanan watan ranar.